Matan da Suka Bi Ayarin Kekunan Shanu Zuwa Yammacin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihin Amurka suka fi yawan yi game da matan da suka ƙetare ƙasar a kekunan shanu tsakanin 1840 da 1869. An fara da bayanin hanyar kanta, sannan aka shiga aikin mace na yau da kullum, da haihuwa, da mutuwa, da abin da ta tarar a ƙarshen tafiya.

Wace tafiya ce wannan, kuma daga ina zuwa ina?

Babbar hanyar ita ce wadda ake kira Hanyar Oregon, mai tsawon kusan mil 2,170, wato kimanin kilomita 3,500. Ayari yana haɗuwa a garuruwan bakin kogin Missouri, irin su Independence da St. Joseph da Council Bluffs, ya bi gefen kogin Platte, ya wuce sansanin Fort Laramie, ya ƙetare tsaunukan Rocky ta mashigar South Pass, sannan ya bi kogin Snake da kogin Columbia har zuwa kwarin Willamette da ke Oregon. Bayan South Pass hanya tana rabuwa, masu zuwa Kalifoniya da masu zuwa Utah su kama nasu reshen. Tafiyar tana cin wata huɗu zuwa shida, kuma mutanen da suka bi waɗannan hanyoyi sun haura 300,000.

Ana tashi ne a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Wanda ya yi gaggawa zai tarar ciyawa ba ta fito ba, shanunsa su rame, wanda kuma ya yi jinkiri dusar ƙanƙara za ta tsare shi a tsaunukan ƙarshe. Matafiya sun ɗauka cewa wanda ya isa dutsen Independence Rock wajen 4 ga Yuli yana kan lokaci.

Me ya tayar da mutane daga gidajensu?

Karayar tattalin arziki ta 1837 ta rushe bankuna, ta karya farashin amfanin gona, ta bar manoman jihohin Illinois da Indiana da Iowa da Missouri cikin bashi. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ya addabi kwarin Mississippi kowace shekara. A daidai lokacin labari ya yi ta yaɗuwa cewa a Oregon akwai ƙasa mai albarka wadda za a samu kyauta. Babban ayari na farko, mai mutane kusan 1,000, ya tashi a 1843. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a watan Janairun 1848, hanyar ta cika maƙil a 1849 da 1850, sai dai mafi yawan masu neman zinariya maza ne zalla, iyalai kuwa sun fi karkata zuwa Oregon saboda gona.

Matalauta na can ƙasa ba su iya wannan tafiya ba, domin keke da shanu da guzurin iyali suna cin dala 500 zuwa 1,000. Galibi sai an sayar da gonar da ake zaune a kai kafin a haɗa wannan kuɗi, ma'ana tun kafin a tashi an riga an rufe ƙofar dawowa.

Wa yake yanke shawarar tafiya, miji ko mata?

Mafi yawan lokaci miji ne. Dokar zamanin ta ɗora dukiyar matar aure a hannun mijinta, saboda haka idan ya sayar da gona ba ta da hurumin hana shi. Rubuce-rubucen matan suna cike da baƙin cikin rabuwa da uwa da 'yan'uwa da kaburburan 'ya'yan da suka riga suka binne, kuma sun san cewa wannan sallama ce wadda da wuya a sake ganawa bayanta. Wata mata mai suna Anne Scott, wadda haihuwa mai yawa ta riga ta raunana, ba ta so tafiyar 1852 ba, amma ta bi mijinta, kuma ba ta isa ba, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi cututtuka.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa duk jan su aka yi. A 1849 mijin Luzena Wilson ya shirya tafiya Kalifoniya shi kaɗai, ita ce ta ƙi a bar ta a Missouri da ƙananan yara biyu, ta ce inda zai iya zuwa ita ma za ta iya. Akwai kuma wadda tura ta kai ta bango a tsakiyar hanya. Elizabeth Dixon Smith ta rubuta a watan Satumban 1847 cewa wata mata a ayarinsu ta zauna ta ce ba za ta ƙara taku ɗaya ba, mijinta ya yi ta lallashi na sa'o'i uku shanu suna ɗaure a keke, daga ƙarshe maƙwabta suka ɗora 'ya'yanta aka tafi aka bar ta. Ta biyo su daga baya ta cinna wa ɗaya daga cikin kekunan wuta, mijin ya kashe wutar, ya yi mata dūka. Labarin yana nuna iyakar zaɓin da mace take da shi bayan an yi nisa.

Su wane ne matan farko da suka bi hanyar?

Narcissa Whitman da Eliza Spalding, matan masu wa'azin Kirista, su ne fararen mata na farko da suka ƙetare South Pass, a watan Yulin 1836. Kekensu bai kai ƙarshe ba, an mayar da shi mai ƙafa biyu, daga baya aka yar da shi a sansanin Fort Boise. Amma wasiƙun da suka aika gida sun gamsar da jama'a cewa mace za ta iya, kuma wannan ne ya buɗe hanya ga iyalai. A 1841 Nancy Kelsey, tana da shekara kusan 18, ta ƙetare tsaunukan Sierra Nevada zuwa Kalifoniya riƙe da jaririyarta. Matan ƙabilun ƙasar, ba sai an faɗa ba, sun daɗe suna bin waɗannan mashigai tun kafin zuwan Turawa.

Wane shiri mace take yi kafin a tashi?

Shirin yana cinye hunturun da ya gabaci tafiya baki ɗaya. Maigida yana neman keke da shanu, ita kuma tana ɗinka rumfar keken da tanti da buhunan abinci da tufafin da za su ishi kowa wata shida, duk da hannu. Keturah Belknap, wadda ta yi tafiyar a 1848, ta ba da labarin yadda ta yi kaɗin zaren rumfar da kanta kafin a saƙa, sannan ta ɗinka. Ban da ɗinki, akwai dafa sabulu da toka da kitse, da zuba kyandir, da busar da 'ya'yan itatuwa, da haɗa akwatin magani.

Littattafan jagora na lokacin sun ba da shawarar a tanadar wa kowane baligi garin alkama kimanin kilo 90, da naman alade mai gishiri kimanin kilo 68, da sukari kilo 9, da gahawa da gishiri kusan kilo huɗu da rabi kowanne. Idan aka lissafa wannan ga iyali mai mutum shida ko takwas, za a ga cewa abinci ya riga ya cinye nauyin da keke zai iya ɗauka, kuma abin da ya rage wa kayan ɗakin mace ɗan kaɗan ne.

Yaya keken yake, kuma a ciki mata suke zama?

Akwatin keken bai wuce faɗin ƙafa huɗu da tsawon ƙafa goma ko sha ɗaya ba, kuma yana ɗaukar kaya kusan tan ɗaya. Bijimai huɗu ko shida ne suke ja, bibbiyu a karkiya. An fi son bijimai a kan dawaki da alfadarai saboda sun fi araha, suna ƙoshi da ciyawar hanya, kuma idan yunwa ta matsa ana iya yanka su. Keken ba shi da abin rage girgiza, ga shi cike da kaya, don haka in ban da marar lafiya da mai tsohon ciki da ƙananan yara, kowa a ƙasa yake tafiya. Mata da yawa sun taka mafi yawan wannan hanya da ƙafarsu, cikin ƙurar kekunan da ke gaba, wani lokaci da yaro a hannu. Tafiyar yini ba ta cika wuce mil 15 zuwa 20 ba.

Idan shanu suka fara gajiya, musamman daga Fort Laramie zuwa gaba, sai a fara zubar da kaya. Abin da ake fara jefarwa shi ne mai nauyi wanda ba a ci: murhun ƙarfe, da kujera, da madubi, da akwatin tangaran, da kabad ɗin da uwa ta ba 'yarta ranar aure. Matafiya na baya sun riƙa wuce irin waɗannan kaya zube a gefen hanya mil bayan mil.

Yaya ranar mace take a kan hanya?

Ita ce take riga kowa tashi, wajen ƙarfe huɗu na asuba, ta hura wuta, ta dafa gahawa, ta soya nama, ta gasa burodi, ta tatsi saniya, ta wanke kwanuka, ta shirya yara, ta mayar da kaya cikin keke kafin a busa ƙaho wajen ƙarfe bakwai. Da rana a yada zango na ɗan lokaci domin shanu su huta, ta raba abincin da ta dafa tun da safe. Da yamma ana jera kekuna a da'ira, wadda babban amfaninta shi ne zama shingen dabbobi. A lokacin ne maza suke kwance shanu su zauna, ita kuma aikinta na biyu ya fara: ɗebo ruwa, girkin dare, gasa burodin gobe, ɗinkin abin da ya yage, jinyar marar lafiya.

Abin lura shi ne yadda rabon aiki ya karkace. Da tafiya ta yi nisa, aka rasa maza saboda ciwo ko mutuwa ko barin aiki, mata sun kama bulala suna kora shanu, suna loda kaya, suna tura keke a hawa. Amma da wuya a ga namiji ya karɓi wanki ko girki a ayarin da akwai mace. Ko ranar Lahadi, idan ayari ya yarda ya tsaya, hutun na maza da dabbobi ne, domin ranar ce mata suke samun damar wanki da shanya garin da ya jiƙe. Masu riƙo da addini a cikinsu sun rubuta damuwarsu kan keta alfarmar ranar, ko da tafiya ko da aiki.

Da me ake girki a inda babu itace?

A filayen kogin Platte ana yin kwanaki ba a ga bishiya ba, makamashin kuwa shi ne busasshen kashin ɓauna. Mata da yara suna tsintarsa yayin tafiya, suna zubawa a buhu ko a ƙyallen gaban riga. Da yawa sun ji ƙyama da farko, daga baya har ana rige-rigen tsinta, saboda yana ci da zafi ba tare da wari mai yawa ba. Ana haƙa ɗan rami mai tsawo a ƙasa domin iska kada ta kwashe wutar, a ɗora tukunya a kai. Bayan an wuce ƙasar ɓauna sai a koma ga wani ɗan icen daji mai ƙamshi da ke cinyewa nan da nan. Idan ana ruwan sama, akwai matan da aka riƙe musu laima suna gasa burodi a durƙushe.

Dabara ɗaya da kusan kowa ya koya ita ce a zuba madarar safe a bokiti mai murfi a rataye a jikin keke, girgizar hanya ta kaɗa ta, da yamma a tarar da curin man shanu. Ruwa ne babbar matsala: na Platte laka ne sai an bari ya kwanta, wasu tafkunan gaba kuma suna da kanwa mai yawan da ke kashe shanu.

Me suke sawa, kuma yaya suke yi da wanka da kewayawa?

Doguwar riga har ƙasa, da ƙyallen gaba, da hula mai faɗin baki da ke kare fuska daga rana. Doguwar rigar tana da haɗari, domin tana kama wuta a murhu kuma tana maƙalewa a jikin keke, kamar yadda ya faru da Catherine Sager a amsar da ta shafi yara. Wajen 1852 wasu sun gwada gajeriyar riga da wando mai faɗi a ƙarƙashi, amma mafi yawa sun ƙi, saboda a wurinsu doguwar riga ita ce shaidar cewa har yanzu su matan mutunci ne ko da ƙura ta rufe su. Wanka sai an dace da kogi da lokaci. A fili fetal da babu abin fakewa, mata suna raka juna, wasu su tsaya su baza rigunansu su yi wa ɗaya labule. Wannan yana cikin dalilan da suka sa macen da ta tsinci kanta ita kaɗai a ayarin maza take kokawa ƙwarai, kuma rabuwar ayari biyu, wadda rigimar maza take jawowa, takan raba mace da ƙawar da ta dogara da ita.

Mata suna haihuwa a kan hanya?

Suna haihuwa, kuma ba kaɗan ba, domin yawancinsu matan aure ne masu ƙuruciya kuma ciki ba ya cikin dalilan da ke sa a ɗage tafiya. Idan naƙuda ta zo, ana sauke wasu kaya a shimfiɗa mata a cikin keke ko tanti, wata dattijuwa a ayarin ta zama ungozoma. Ayari yakan tsaya yini ɗaya, wani lokaci rabin yini, sannan a ci gaba da mai jego kwance a kan kaya cikin keken da ke girgiza. Mai karatu da ya saba ganin mai jego tana kwana arba'in ana kula da ita zai gane girman wannan. Zubar jini da zazzaɓin bayan haihuwa sun kashe mata da dama, kuma jaririn da uwarsa ta rasu sai an samu mai shayarwa a ayarin kafin ya rayu.

Kunyar zamanin ta hana su ambaton ciki ko a rubutunsu na sirri. Amelia Stewart Knight ta bar Iowa ranar 9 ga Afrilun 1853 da mijinta da 'ya'ya bakwai. Wata biyar tana rubuta ruwan sama da laka da warin matattun shanu da ciwon kai da kasalar da ke hana ta girki, ba ta taɓa cewa tana da ciki ba. Sai a ƙarshen littafin, a watan Satumba, bayan sun sauko daga tsaunukan Cascade, ta rubuta a taƙaice cewa ta haifi ɗanta na takwas. Wanda ya koma ya sake karanta littafin daga farko da wannan sani zai ga wata tafiya dabam.

Me ya fi kashe mutane?

Cuta. Ƙiyasin masana ya kama daga mutum huɗu zuwa goma cikin kowane ɗari, kuma mafi rinjayensu ciwo ne ya kashe su. Kwalara ce kan gaba, musamman a 1849 da 1850 da 1852, a tsakanin Missouri da Fort Laramie, inda dubban mutane suke sauka a zango ɗaya, suna sha daga ramukan ruwa marasa zurfi kusa da inda na gabansu suka yi bahaya. A lokacin ba a san cewa ruwa ne yake ɗauke da ita ba. Mutum yakan tashi lafiya da safe a binne shi kafin wata safiyar, magungunan da ke akwati kuwa, irin su ruwan ofiyom da kwinin, ba sa tsinana komai a kanta. Anne Scott ta rasu da kwalara kusa da Fort Laramie a watan Yunin 1852, 'yarta Abigail mai shekara 17 ce take rubuta littafin tafiyar iyalin, kuma kafin su isa Oregon ƙaramin ƙaninta ma ya rasu. Bayan cuta sai nutsewa a wajen ƙetare koguna, da harbin bindiga bisa kuskure, da takewar keke.

Wankan gawa da shirya ta aikin mata ne. Babu katakon akwati, sai a naɗe mamaci a bargo, a binne, wani lokaci a tsakiyar hanya domin kekuna su bi ta kai su ɓatar da alamar saboda kyarketai. Mata da dama sun riƙa ƙirga kaburburan da suka wuce kowace rana suna rubutawa, kamar yadda Cecelia Adams ta yi a 1852. Kabarin Rebecca Winters, wadda kwalara ta kashe a shekarar kusa da Scottsbluff ta jihar Nebraska, yana cikin 'yan kaɗan da aka sani, saboda an sassaƙa sunanta a kan zoben ƙarfe na ƙafar keke aka kafa a wurin.

Yaya yara suke a wannan tafiya?

Yaron da ya iya tafiya yana aiki: kora dabbobi, tsintar makamashi, riƙon ƙani. Babban tsoron uwa shi ne ƙafar keke, domin yara suna hawa da sauka keke yana tafiya. A 1844 rigar Catherine Sager, mai shekara tara, ta maƙale a ƙotar gatari tana tsalle, ƙafar keke ta bi ta kan ƙafarta ta karya. Bayan haka mahaifinta ya rasu, sannan mahaifiyarta, wadda ta haihu a hanya, ita ma ta bi shi. Mutanen ayari suka kai marayu bakwai gidan Whitman, inda aka riƙe su shekara uku kafin abin da aka ambata a amsa ta gaba ya sake mayar da su marayu. Ɓatan yaro ma yana faruwa cikin sauƙi: an taɓa barin Lucy, 'yar Amelia Knight, a zango, kowa yana zaton tana wani keken, sai ayarin baya ne ya kawo ta.

Gaskiya ne 'yan asalin ƙasar suna yawan kai hari kamar yadda finafinan kaboyi suke nunawa?

Finafinan sun zuzuta abin. Masanin tarihi John Unruh ya ƙirga cewa tsakanin 1840 da 1860 'yan asalin ƙasar sun kashe matafiya kusan 362, matafiya kuma sun kashe musu kusan 426. Hulɗar da ta fi yawa ita ce ciniki da taimako. Su ne masu fito a koguna da yawa, su ne masu nuna mashigi, kuma a bakin Snake da Columbia mata sun riƙa musayar riguna da allura da burodi da kifi da takalman fata. Matan sun taso da labaran ban tsoro, amma da yawa sun rubuta mamakinsu da abin da suka gani.

Asarar gaske ta faɗa kan ƙabilu ne, irin su Pawnee da Lakota da Shoshone da Cayuse. Shanun ayari sun cinye ciyawa, an sare itatuwan bakin kogi, ɓauna ta gudu, cututtuka sun shigo. A 1847 ƙyanda ta kashe kaso mai yawa na Cayuse yayin da yawancin yaran Turawa da likita Marcus Whitman, mijin Narcissa, ya duba suka warke, zargi ya taso, kuma ranar 29 ga Nuwamba aka kashe shi da Narcissa da wasu fiye da goma, har da yaran Sager maza biyu. A 1854 rigima kan saniyar wani matafiyi kusa da Fort Laramie ta jawo mutuwar wani shugaban Lakota da sojoji kusan 30, ta buɗe shekarun yaƙi. Ƙasar da aka raba wa iyalai a Willamette ta mutanen Kalapuya ce, waɗanda aka kwashe zuwa keɓaɓɓen yankin Grand Ronde a 1856.

Idan miji ya rasu, me mace take yi?

Komawa ita kaɗai ba ta yiwuwa idan an yi nisa, saboda haka sai ta ci gaba, ita ko babban ɗanta su kora shanu. Mijin Elizabeth Dixon Smith ya kwanta ciwo a kogin Columbia, ta kai shi Portland cikin ruwan hunturu, suka sauka a wata rumfa mai yoyo, ta yi jinyarsa makonni har ya rasu ranar 1 ga Fabrairun 1848. Ya bar ta da 'ya'ya bakwai a baƙuwar ƙasa, babu kuɗi, babu dangi. Ta sake aure a shekarar da ta biyo baya, kuma haka yawancin irinta suka yi, domin mata sun yi ƙaranci kuma gona tana buƙatar hannu biyu.

Akwai mata baƙar fata a cikin ayarin?

Akwai, wasu 'yantattu, wasu bayi. Biddy Mason baiwa ce da ubangidanta ya taso da ita daga Mississippi zuwa Utah a 1848. Ta yi tafiyar a ƙasa a bayan kekuna tana kora dabbobi, tana girki, tana karɓar haihuwa, ga 'ya'yanta mata uku, ƙaramar jaririya ce. A 1851 aka kai ta Kalifoniya, jihar da ta haramta bauta, kuma a 1856 kotu a Los Angeles ta 'yanta ta. Ta yi aikin ungozoma, ta tara kuɗi, ta sayi filaye, ta zama cikin masu arzikin garin. Oregon kuwa ta kafa dokokin hana baƙar fata zama a 1844 da 1849, kuma dokar rabon ƙasa da aka yi bayani a ƙasa ba ta haɗa da su ba.

Me yake faruwa da ayarin da ya makara?

Misali biyu sun isa. Ayarin Donner na 1846 ya bi wata sabuwar hanya da aka ce ta fi gajarta, ya yi asarar makonni, dusar ƙanƙara ta rufe shi a Sierra Nevada. Cikin mutum 87, 48 ne suka rayu, wasunsu ta hanyar cin naman waɗanda suka mutu. Mata sun fi maza tsira nesa ba kusa ba, ko da yake Tamsen Donner ta tura 'ya'yanta da masu ceto ta zauna da mijinta marar lafiya har ita ma ta mutu. A 1856 kuma ayari biyu na 'yan ɗariƙar Mormon, talakawan da suka zo daga Birtaniya da ƙasashen arewacin Turai, suka tashi a makare suna jan amalanke da hannu maimakon shanu, an ƙayyade wa kowane baligi kaya kimanin kilo takwas. Sanyi ya same su a Wyoming a watan Oktoba, fiye da 200 suka mutu.

Me mace take tararwa idan an isa?

Ƙarshen hanyar Oregon yana cikin mafi wuya. Daga zangon The Dalles sai dai a bi kogin Columbia a kan itatuwan da aka ɗaure, ko kuma, daga 1846, a biya dala biyar kan kowane keke a bi hanyar Barlow ta gefen dutsen Hood, inda ake sauko da kekuna da igiya a naɗe a jikin bishiya. Ana isa ne a Satumba ko Oktoba, damina tana kamawa, guzuri ya ƙare, takalma sun mutu. Mijin Amelia Knight ya ba da bijimai huɗu aka ba shi fili mai eka 320 da ɗan dankalin da aka shuka da ƙaramin ɗakin gungume wanda ba shi da taga ko ɗaya, kuma a ciki ta shiga da jariri da yara bakwai.

Dokar rabon ƙasa ta 1850 ta ba ma'auratan da suka riga suka isa eka 640, rabi da sunan matar, waɗanda suka zo daga baya kuma rabin haka, da sharaɗin zama da noma na shekara huɗu. Wannan yana cikin lokutan farko da dokar tarayya ta ba matar aure fili da sunanta. Sai dai ya zo da illa, domin maza marasa aure sun yi ta neman mata don ninka filinsu, har aka riƙa aurar da 'yan mata ƙanana ƙwarai. Dokar 1862 ce ta ba macen da ba ta da miji damar karɓar eka 160 da kanta.

Akwai waɗanda suka tsaya da ƙafarsu bayan isowa?

A Kalifoniya ta 1850 mata ba su kai ɗaya cikin goma ba, sai aikin da ake yi kyauta a gida ya zama abin sayarwa da tsada. Wani mai haƙar zinariya ya taya burodin Luzena Wilson dala biyar, da ta yi shiru don mamaki ya ƙara zuwa goma. Daga baya ta kafa teburin katako a garin Nevada City tana ciyar da masu haƙa, har ya zama masauki. Tabitha Brown ta yi tafiyar 1846 tana da shekara 66 da ciwon ƙugu, ta isa ba ta da komai sai wani ɗan tsabar kuɗi da ta tsinta a yatsan safar hannunta. Ta sayi allura uku, ta musanya tsofaffin tufafi da fatar barewa, ta ɗinka safar hannu ta sayar. Makarantar marayun da ta taimaka aka kafa a Forest Grove ita ce ta zama Jami'ar Pacific. Abigail Scott, wadda aka sani da Abigail Scott Duniway bayan aure, ta kafa jarida a Portland a 1871, ta yi shekara kusan arba'in tana fafutukar 'yancin zaɓe, kuma tana da shekara 78 matan Oregon suka same shi a 1912.

Daga ina aka san duk wannan, kuma yaushe tafiyar ta ƙare?

Daga ɗaruruwan littattafan tafiya da wasiƙu da tunawar tsufa da matan suka bari, waɗanda yanzu suke ɗakunan ajiya na jami'o'i da ƙungiyoyin tarihi. Da yawa an rubuta su ne domin a aika wa dangin da aka baro, shi ya sa marubutan suke sassauta wasu abubuwa suna ɓoye wasu, kamar yadda aka gani a amsar haihuwa. Wanda aka rubuta a kan hanya ya fi wanda aka rubuta bayan shekara hamsin aminci, domin na baya yakan ƙara harin ƙabilu ya rage gudawa da ƙura. Kusan dukkan marubutan fararen mata ne masu ilimin karatu, saboda haka labarin irin su Biddy Mason ya fi fitowa daga takardun kotu da na mallakar fili.

Layin dogo da ya haɗa gabas da yamma ya kammala ranar 10 ga Mayun 1869 a Promontory ta Utah, ya mayar da tafiyar wata biyar ta zama ta kusan mako guda. Iyalan da ba su da kuɗin jirgi, ko masu son tafiya da dabbobinsu, sun ci gaba da bin wasu sassan hanyar da kekuna har cikin shekarun 1880.